Nomau da Jakin da Ya Ƙi Kwanciya

Nomau mijin yayata ne, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa. Yana raye ma na faɗa, balle yanzu da ƙasa ta toshe masa kunne. Allah ya jiƙansa. Mutum ne dogo siriri kamar karan dawar da ruwa ya ƙaurace wa, da fuska irin ta wanda kullum yake jiran a aiko masa da mugun labari. In hadari ya haɗu ya ce ɗaki zai faɗi, in ya watse ya ce gero ya mutu. Na taɓa ce masa, "Angona, ran da anka shigar da kai aljanna sai ka tambayi mala'iku ko ruhin ɗakin na yoyo." Bai yi dariya ba. Ya ce, "To, wa ya sani?"

A Makwanta aka haife shi. Kada ku wahalar da kanku da nema, Gulbi ya cinye ta tuni. Unguwa ce a bayan ganuwar tsohon Maraɗi, can ƙasa cikin fadama, inda fatake ke sauke kaya, jakuna da takarkarai da raƙuman Buzaye su kwanta. Mu mazauna wurin mu ne masu ba su ruwa da harawa, masu tuƙa musu tuwo, masu kwashe kashi. Mutanen cikin gari suna sayen abin da muka sauke, suna cin abin da muka toya, amma in ɗiyarsu ta yi rashin kunya sai su ce, "Ke, a Makwanta anka yi renonki?"

Wani malami baƙo, Malam Abdulmutallib, da ya taɓa yin damina a rumfar Nomau, ya ce masa ya daina jin zafin abin. Ya ce kowane babban birni yana da irin unguwarmu. Larabawa suna ce mata rabalu, wato inda tumaki ke kwanciya, kuma ya karanta labarin biranen Magriba da Andalus inda unguwar waje ta yi ta girma har aka yi mata tata ganuwar. Ya ce wani Bayahude mai sayen fata da ya sani a Tarabulus ya gaya masa su ma a harshensu kalmar ta dabba ce in ta durƙusa ta kwanta. Nomau ya shigo gida bakinsa har kunne, wai an same mu a littafi. Yayata Baturiya tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Madalla. Ashe har Larabawa da Yahudawa sun ji labarin da dabbobi muke kwana."

Ubansa Gado farke ne daga arewa. Ya zo tun kafin Nasara, da jakunan kanwa, da amaryarsa Maijidda a kan ɗaya daga ciki. Inda jakinsa ya kwanta nan ya kafa bukka, nan aka haifi Nomau. Bai bar masa gona ba, bai bar masa riga mai aiki ba, sai magana ɗaya: "Kak ka kahwa turke inda dabbarka ba ta kwanta ba. Ƙasa na da masu ita. Dabba na ganinsu, kai ba ka gani." Duk Makwanta a kan wannan take. Arnan ƙauyukan fadama suna yanka kafin su yi gini, malamai suna binne laya, mu kuwa jaki ne malaminmu. Ba mu taɓa shan wahalar al'adar ba, don a Makwanta duk inda ka waiga wani abu yana kwance.

Ita kuwa Inna Maijidda tata maganar dabam ce. A zamanin yaƙi, in aka buga gangar mahara, na waje sai gudu zuwa ƙofar gari. Wata rana ta tsaya ɗaura goyo, Nomau ne a bayanta, ta iso ana turo ƙyaure. Ta ce ta ga idon mai tsaron ƙofar, ya ga nata. Ya rufe. Ta ji sakata ta faɗa. Ta wuni a cikin wani ramin da ake haƙar ƙasar gini, tafin hannunta a bakin jariri. Maharan ma ba su biyo ta wajen ba. Amma ƙarar sakatar nan ta zauna mata a kunne har tsufa. Nasara suka zo, yaƙi ya mutu, ganuwa ta zube har awaki suna hawa, amma na ciki na ciki ne, na waje na waje ne, babu mai ba ɗan Makwanta taku ɗaya na ƙasa a cikin gari. Idonta ya tafi, haƙoranta suka bi, magana ɗaya ta rage mata: "Ni dai in mutu cikin gari. A ce daga cikin gari gawar ta hito."

Nomau ya tashi tsakanin maganganun nan biyu, ta uba da ta uwa, kuma bai taɓa zaton wata rana za su yi karo ba. Ya gaji zangon uban. Bai taɓa fatauci ba, iyakar tafiyarsa Tsibiri da Jiratawa. Ya san ciwon jaki daga tafiyarsa, ya san farken da zai gudu da igiya daga sallamarsa. Ya auri yayata, wadda Allah ya yi mata baki kamar aska, suka zauna lafiya don shi ba ya ramawa. Ni kuma a shekarar da zan ba ku labarinta ina zawarcina na farko a gidansu, ina cin tuwonsa ina zaginsa.

Shekarar ce yaƙin Nasara ya ƙare, ita ce kuma Gulbi ya ci gari. 'Yan lakwal, wato 'yan boko, suna ce mata 1945. Ruwa bai tambayi wane ne na ciki wane ne na waje ba. Soraye suka narke kamar gishiri a miya. Na ga matar da ta taɓa hana ni taɓa gugarta tana zaune kan tudu ɗaya da ni, zanenta ɗaya, tana roƙona wuta. Nomau ya fito da uwarsa a baya, ya koma ya fito da jaki ɗaya, wani tsohon baƙi mai suna Duna. Sauran ruwa ya tafi da su. Inna ta kama tari daga jiƙar da ta yi, aka kai ta Tsibiri gidan Hamidu, ɗan ƙanenta, inda akwai ɗaki mai rufi.

Kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya ce ba za a sake gini a fadama ba. Gari zai hau tudu, kusa da bariki. Aka kawo mai awon ƙasa da igiyoyinsa, aka share daji, aka ja tituna miƙaƙƙu kamar tsagar fuska, aka kafa turaka. Nomau da Duna sun yi aikin dole a nan, suna ɗaukar turakan. Da aka zo rabo, Nasara bai san ɗan ciki da ɗan waje ba, shi kai kawai yake gani. Mai unguwa ya buɗe baki zai yi bayani, tafinta ya ce a wuce, rana na yi. Sai ga Nomau ɗan Gado da fili a tsakiyar sabon gari, jifa kaɗan daga inda za a yi kasuwa, maƙwabcinsa Kabo, attajirin gyaɗa wanda kakanninsa suka zo da sarakuna daga Katsina.

Ranar Nomau ya tafi Tsibiri da ƙafa ya gaya wa uwarsa. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai wanga, maza ka yi. Ƙirjina ba shi da niyyar jiranka."

Gari na wayewa ya ja Duna zuwa filin. Ya kwance masa igiya, ya koma gefe ya tsuguna. Duna ya shinshina turke, ya kaɗa kunne, ya tsinki wata ciyawa, ya tsaya. Rana ta take, yana tsaye. La'asar ta yi, yana tsaye. Nomau ya ce baƙunta ce, gobe zai kwanta.

Gobe ta zo ta wuce da ƙannenta. Mu muna zaune a rumfunan kara da aka yi wa waɗanda ruwa ya kora, a gefen tudun. Kullum da safe sai ya cika wa Duna ciki da dusa da kanwa, ya shafe masa jiki, ya ja shi 'yar tafiyar nan zuwa filin. Ya hana a ɗora masa ko da tulu, wai kada ransa ya ɓaci ya ƙi ƙasar. Mu muka koma jakunan gidan, muna ɗauko ruwa a ka daga rijiya, shi Duna yana ta ƙiba yana sheƙi kamar ango. Na ce, "Angona, saura ka sa mishi lalle." Wani ya ce a aro jaki. Nomau ya ce a'a, uban ya ce dabbarka, bai ce ta maƙwabci ba.

Kewaye da mu gari yana tashi. An gama girbi, kara ya samu, kowa ya yi danga, masu hali sun fara kwaɓa ƙasa. Filin Nomau kaɗai ya rage fayau kamar giɓi a baki. Kabo ya riga ya tada katanga har ƙugu. Yakan leƙo ta kanta, goro a kunci.

"Sarkin zango, yaya liman? Ya ba da fatawa ko yana duba littahi?"

"Yana nan dai, ranka ya daɗe."

"Kak ka matsa mishi. In ya ƙi, ni ina da inda zan shanya gyaɗa. Ai ba a bar ƙasa ta lalace ba."

Wasa yake yi, amma irin wasan da kura ke yi wa akuya.

Sai ga wani gardi, wato dogarin kumandan, Tanimu, mai jar hula da bulala, yana bin titi yana shela. Kumandan ya tafi turne, zai zaga ƙauyukan kudu. Ranar da ya dawo zai bi gari da kansa, duk filin da ya tarar babu danga babu bukka an karɓe, a ba mai buƙata. Nomau ya bi shi da gudu.

"Yaushe zai dawo, samari?"

"Ni matarshi ce? Ran da ya ga dama."

Wannan shi ne ya ƙarasa Nomau. Da an faɗi rana, da ya san abin da yake tsoro. Yanzu kowace ƙura ta tashi daga kudu sai ya ruga titi yana leƙe. Ya daina cin abinci sai fura, ita ma kurɓi kaɗan. Na same shi wata rana tsugune a gaban jakin, ya riƙe kunnuwansa biyu, yana magana ƙasa-ƙasa: "Mi ka gani? Gaya mini mi ka gani. In da mai wurin, a ba shi haƙuri." Na zo da zolaya a bakina, na haɗiye ta. Abin ya wuce wasa. In ya kafa turke ya taka maganar uba, kuma ya tabbata a ransa duk abin da ya sami gidan shi ya jawo. In bai kafa ba, uwarsa za ta mutu a ɗakin aro a garin wasu, filin kuma ya zama mashanyar Kabo.

Baturiya ta gaji. Ta ce da ni, "An ce jaki ba ya wuce toka. Bari mu gani ko ƙarya ne." Ta riga shi zuwa da sassafe, ta zuba tokar murhu a tsakiyar filin, ta lulluɓe da rairayi. Duna yana shiga ya buɗe hanci, ya nufi wurin kai tsaye, ya zube, ƙafafu huɗu a sama, yana birgima yana gurnani. Nomau ya ɗaga hannu yana kabbara, hawaye na zuba. Jakin ya miƙe ya girgije. Baƙin jaki ya tashi fari fat.

Ban taɓa ganin Nomau ya ɗaga wa yayata murya ba sai ranar.

"Ni za ki yi wa wayo, ko masu ƙasa? Birgima kwanciya ce?"

"Malam, ni ban san masu ƙasa ba, na san mai jar hula! Tsohuwa na can tana tohi da jini kana nan kana jiran jaki ya yi maka istihara!"

"In na gina, ɗaki ya hwaɗa mata hwa?"

"In ba ka gina ba, mi zai hwaɗa mata? Ƙasar Tsibiri!"

Kabo ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Nomau ya kwashe rairayin wurin duka ya zubar a titi. Daga ranar kullum sai ya tona filin da yatsu kafin ya shigar da jakin, yana kallonmu ta gefen ido.

Duk wannan Inna ba ta sani ba. In ya je Tsibiri sai ya ce ana nan ana yi, danga ta kusa, ana neman azara. Ya roƙe mu kada mu faɗa.

Labari biyu suka iso mana a safiya ɗaya. Masu kawo albasa suka ce kumandan ya sauka Jiratawa, zangonsa na ƙarshe ke nan, in bai shigo yau ba gobe da hantsi. Ba mu gama jin wannan ba sai ga ɗan aike daga Hamidu: tsohuwa ta daina karɓar kunu, a zo. Nomau ya tsaya a tsakiyar titi, ya dubi kudu, ya dubi hanyar Tsibiri. Daga baya ya kama igiyar Duna. Ya ce ba zai bar shi da kowa ba, kada a sake zuba masa toka. Muka bi shi, ni da Yaya.

Mun tarar da ita a kan tabarma, ta zama kamar ƙullin tsumma, amma kunnen nan yana nan.

"Kai wanga, ina ginin ya kai?"

"Ana nan ana yi, Inna."

"Miƙo hannunka."

Ya miƙa. Ta bi tafin da yatsunta, ta bi bayan, ta murza tsakanin yatsu.

"Wanga hannun amarya ne. Ba kaikayin kara, ba tsagar laka. Baturiya! Ke ba ki iya ƙarya ba, bakinki bai da marhi. Mi ke nan?"

Yayata ta zazzage mata duka, har da tokar. Inna ta saurara har ƙarshe. Can ta ce, "Mi jakin ke ɗauka yanzu?"

"Ba komi, Inna," in ji Yaya. "Mu ke ɗauka. Shi sai dusa da shahwa."

Inna ta juya wajen Hamidu. Sannan ta ce, "Hamidu, ɗaura mishi mangala. Cika ta da gero, gehe da gehe. Ɗora turmina. Ni kuma ku aza ni bisa."

Hamidu ya ce, "Gwaggo, ba ki kai bakin gari da rai."

"In ban kai ba ka huta da haƙa, ku tura ni Gulbi. Ɗaura."

Ba a musu da mai barin duniya. Aka ɗaura. Duna ya waiwayo ya dubi kayan kamar an zage shi. Aka ɗora ta a tsakiya, aka tallafe ta da zane, ni a dama Yaya a hagu, Nomau na jan igiya.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba, ko da yake na sha bin hanyar. Rairayi ne mai cin ƙafa, rana kuma ta kaka, wadda ke dafa mutum a tsaye. In tari ya kama ta sai duk jikinta ya girgiza a hannuna, in ya lafa sai in kasa kunne in ji ko tana numfashi. Nomau yana tafe yana waiwaye. Na san abin da ke ransa: kada ta cika a nan, ba Maraɗi ba Tsibiri, a tsakiyar hanya kamar wadda ba ta da kowa. Da muka kai wani gawo mai inuwa ya ce, "Inna, mu ɗan tsaya ki sha ruwa, jakin ma ya huta."

"In ka tsaya ban yahe ba."

Muka wuce. Duna ya fara kumfa, ƙibar da ya tara ta zame masa kaya na biyu. Ya nemi ya tsaya, ta sa diddige ta zungure shi, ita da ba ta iya riƙe ludayi. A gindin tudun muka gamu da masu itace, Nomau ya tambaye su ko kumandan ya shigo. Ɗaya ya ce ya ga ana share ƙofar bariki. Ɗaya ya ce ya ji kamar ƙarar mota. Nomau ya kama salati.

Hawan tudun nan Allah kaɗai ya kai mu. Ƙafafun jakin suna karkarwa, mu muna turawa ta baya. La'asar sakaliya muka shiga tsakanin turakan. Filin yana nan fayau, ba a karɓe ba tukuna. Kabo ya leƙo zai yi magana, ya ga tsohuwa, ya cire goron daga bakinsa.

"Mun iso?" in ji ta.

"Mun iso, Inna."

"Sauke ni. Sauke kaya. Kwance mishi igiya, ka ja baya."

Muka shimfiɗa ta a inuwar katangar Kabo. Aka sauke turmi, aka sauke mangala. Duna ya tsaya kai a ƙasa. Ya ja wani dogon numfashi. Ya taka kaɗan, ya shinshina, ya juya, ya ƙara takawa. Babu mai motsi a cikinmu. Sai ya lanƙwasa ƙafafun gaba, na baya suka bi, ya kwanta a hankali, ya ɗora haɓarsa a kan rairayi.

"Na ji kamar an aje buhu," in ji Inna. "Ya kwanta?"

"Ya kwanta." Nomau ne ya amsa. Ya matso ya durƙusa a gabanta. "Amma Inna... gajiya ce."

"To da mi kake zaton ya kwantar da na ubanka? Wa'azi? Daga Damargu munka taso, ƙashina duk ya kwance, jakin na tangaɗi. Dabbar da ta gaji ita ake tambaya, don ita ke neman wuri da gaske, kuma ko ta kusa mutuwa ba ta kwanciya inda ba ta yarda da shi ba. Ƙosasshe mi ya dame shi da ƙasarka? Kai a zango anka haihe ka, ba ka taɓa zuwa ko'ina ba. Ka buɗe ido ka gan su kwance, ba ka ga abin da ya kawo su ba." Tari ya tsare ta. Da ya sake ta ta ce, "Tashi ka ba ni wuri. Ka tsaya kana kallona, danga za ta kahwa kanta?"

Na ruga rumfunan 'yan Makwanta na yi kururuwa. Suka zo, mai damin kara, mai igiyar rama, mai itacen da ya tsinto a ɓaraguzan tsohon gari. Wasu rumfunansu suka kwance suka kawo. Kabo ya tsaya yana kallo, can ya sa aka jefo zana ta kan katanga, yana cewa, "Aro ne hwa, kowa ya shaida." Kafin duhu ya rufe an kewaye filin da wata danga mai tangaɗi kamar ta sha giya, da bukka ɗaya a tsakiya, Inna a ciki.

Da hantsi kumandan ya biyo titin, Tanimu a gaba, tafinta a baya. Nomau ya tsaya a bakin dangar. Nasaran ya dubi dangar, ya dubi jakin da ke kwance har yanzu, ya ce wani abu ta hanci, ya wuce. Nomau ya kama tafinta ya ce, "Mi ya ce?" Tafinta ya ce, "Ya ce a miƙe ta." Nan Nomau ya zauna a ƙasa daɓas.

Ku ce an gama ko? Da yamma Inna ta kira shi.

"Kai wanga, jiya ta wace ƙohwa munka shigo? Ban ji inuwarta ba."

Ya dube mu, muka dubi ƙasa. Ya ce, "Inna, garin ga ba shi da ganuwa. Ba ƙohwa. Tituna ne kawai, kowa ya shiga ta inda ya so."

Sannan ta ce, "Ashe sai da na shigo anka daina ruhewa." Ta juya fuska ga zana. Kunun da ta fara karɓa da safe ta ture shi.

Nomau ya fita ba sallama. Ya gangara fadama, ya yi ta tono a cikin laka, ya dawo da wani tsohon ƙyauren itace na gidan wani mai hali, rabinsa ya ruɓe. Ya kafa masa gimshiƙai a bakin dangar kara, ya sassaƙa sakata mai kauri kamar taɓarya. Duk titin suka fito kallo: ƙofar fada a jikin dangar da akuya za ta ture da hanci. Ni ma na ce, "Angona, ɓarawo sai ya ji kunya ya bi ta ƙohwa."

Magariba na yi ya ɗauko ta ya ajiye a gindin ƙyauren, ta ciki. Ya tura. Ya saki sakata. Ta faɗa, ƙwam.

Inna ta ɗaga kai. Ta ce, "Sake."

Ya buɗe, ya rufe. Ƙwam.

Ta miƙa hannu ta shafa itacen. Ta ce, "Haka take ashe daga nan." Ta ce a kawo kunun.

Tana cikin sha aka buga ƙofar. Wasu fatake ne daga wajen Jiratawa da jakunansu, sun gangara fadama ba su ga Makwanta ba, sun hau tudu suna tambaya, an ce musu ga gidan sarkin zango. Nomau ya tsaya hannu a kan sakata, ya rasa abin yi. Ga Kabo, ga kumandan, ga sabon gari mai tituna.

"Wa ke nan?" in ji Inna.

"Baƙi ne, Inna. Da dabbobi."

"Kana ji ana bugu kana tsaye? Buɗe musu, sakarai."

Ba ta ga sabon wata ba. Amma daga cikin gari gawar ta fito, ta ƙofar nan, kuma Kabo yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Fataken kuwa suka gaya wa 'yan'uwansu, gidan ya koma zango a tsakiyar Maraɗi. Kabo ya yi shekaru yana kai ƙarar wari wurin mai unguwa, yana kuma aiko yaransa su kwashe takin zuwa gonarsa.

Nomau ya rasu kafin Nasara su tafi. Ya maye dangar da katanga, amma ƙyauren nan bai yarda an canza shi ba. Kullum magariba shi ke rufewa da hannunsa, sannan ya ɗauko buzu ya zauna a gindinsa, kunne a jikin itace, har a kira lisha. Na ce masa, "Tsohon banza, in tsoron ɓarayi kake ka shiga ɗaki, in baƙi kake jira ka bar ta buɗe."

Ya ce, "In na bari buɗe, Inna ba ta cikin gari. In na shiga ɗaki, wa zai ji in an buga?"